Baba Mai Shebur da Ruwan Farko

Kafin matan layinmu su ɗauki tsintsiya, Baba Mai Shebur ya riga ya shiga kwata, wando a naɗe har gwiwa. Abin da muka zubar jiya shi yake kwashewa yau: ledoji, kashin awaki, tokar murhu, da baƙin man da makaniki ya tsiyaye daga inji.

Muna da wata ɗabi'a, ina ma jin nauyin faɗarta. Da hadari ya haɗo, kowane gida sai a ruga da kwandon shara a juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Yana tafiya da ita kuwa, har tafkin gangare, inda matar Baba take ɗiba ta shayar da alayyafonta.

Wata rana ya tarar da innarmu riƙe da kwando a bakin kwata.

"Uwar ɗakina, ina za a kai kayan nan?"

"Ruwa zai tafi da su, Baba."

"To ki ɗaure su da kyau, gidana za su. Tsohuwa ta ce a yi miki godiyar ledojin bara, sai dai alayyafo ya ƙi ci."

Inna ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma da kwandonta. Haka faɗansa yake. Makaniki ma jarka Baba ya kai masa don ya riƙa tara man, ya kuma haƙa wa mai wanki ramin zuba kumfa.

Bana gwiwar Baba ta ƙi, ya jingine shebur. Ranar ruwan farko ya zauna a rumfar tela, ido a kan kwata. Sai ga matar tela da kwando. Inna ta leƙo ta kan katanga.

"Maƙwabciya, gidan Baba za ki yi aike?"

Matar ta tsaya, ta koma ciki da kwandonta. Ruwa ya sauko ya wuce, ja da ƙasa, amma ba leda, ba ƙyallin mai. Baba ya share fuska ya ce feshi ne.

Kai ne ka wanke mana layi, Baba, ba ka taɓa kunyata mu ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma, in hadari ya haɗo, mu bar kwando a gida. A ƙarshen kowace kwata akwai alayyafon wata.