Rantsuwar Bashari a Kan Dutsen Sant Katrin

Ko shekara nawa zan ƙara a wannan aiki, ba na jin wata ranar Alhamis ta watan Janairu za ta fita daga raina, ranar da na kai ɗaliban ƙasarmu wasan dusar ƙanƙara a duwatsun Sant Katrin, saura ƙiris in dawo Alƙahira da gawa. Ku da kuka fara aiki da mu bana, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Sanyi ya ƙarato, kuma irin mutanen nan za ku kwasa.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wasunku ba su taɓa zuwa yankin Sina, inda duwatsun suke, ba. Duk tafiyar dutse mutum uku ne ke riƙe da ita. Akwai murshid, jagora mai lasisi, kuma dole Bamisre ne, doka ba ta ba baƙo wannan kujera ba. Akwai murafiƙ, wato ɗan rakiya, shi ne ni: fassara, riƙe fasfo a shingayen 'yan sanda, rabon abinci, da ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Na uku shi ne dalili, Badawi ɗan cikin duwatsun, wanda ba a hawa sai da shi. A ranar murshidinmu Ustaz Magdi ne, dalili kuma wani dattijo da ake kira Ammu Salim.

Ba kowace shekara ƙanƙarar ke sauka sosai ba. Shekarar nan kuwa ta zuba, kuma ta zo daidai da hutun rabin shekara, ɗalibai sun gama jarrabawa. Hotuna na fara yawo, wayar ofis ta hana mu sakat. Muka cika mota da samari, yawancinsu masu karatun shari'a, waɗanda ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij. Muka bar unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira kafin asuba, muka yi salla a hanya, muka bi ta ƙarƙashin mashigin Suez, ba mu isa garin da ke gindin dutsen ba sai da hantsi ya wuce. A nan na ga abin da ya sa na fara faɗa tun ban hau ba: mutum da jallabiya da silifas da safa biyu, wai dutse zai hau. Na tasa ƙeyarsu zuwa wajen masu hayar riguna da takalma, ina masifa suna dariya.

Mutum ɗaya ne ban yi wa faɗa ba, wani siririn saurayi ɗan Gusau mai suna Hamisu. Ya zo da shirinsa tsaf, rigar sanyi biyu, hula, safar hannu. Kusa da shi abokin zamansa ne, Bashari, wanda suke haya ɗaki ɗaya, shi kuwa tun daga Alƙahira fuskarsa a murtuke take. Da na zo rabon burodi da ta'amiya, wato ƙosan Masar, da ruwa, wasu suka ce suna azumin Alhamis, har da Hamisu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen ɗalibanmu, yinin hunturu gajere ne, suna son ribatarsa. Na ce Allah ya ba da lada, na wuce.

Ammu Salim ya hau da mu zuwa wani fili tsakanin duwatsu inda ƙanƙarar ta taru har ƙauri. Kai, ku zo ku ga malaman gobe! Mutanen da a masallaci ko murmushi sai an roƙa, sai ga su suna jifan juna, suna zama a kan buhun leda suna sulalowa daga gangare, suna ihu. Amma duk cikinsu babu kamar Hamisu. Ya cire safar hannu, ya cire riga ɗaya, ya cire ta biyu. Ya kwanta ya yi birgima, ya ɗiba ya zuba a kansa, ya sake hawa gangaren da gudu. Bashari na biye da shi riƙe da rigunan, yana cewa, "Hamisu, don girman Allah ka mayar da rigarka."

Har tsokanarsa na yi. Na ce, "Kai Bashari, uwarsa ce kai? Ƙyale mutum ya more kuɗinsa mana." Bashari ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai.

Mun idar da azahar ba da jimawa ba, ina taya Ammu Salim hura wutar shayi, sai na ji wata ƙara. Ba ihun wasa ba ne. Muka ruga. Hamisu ne kwance a dunƙule, ya riƙe cinyoyinsa, yana cije leɓe har jini. Ustaz Magdi ya durƙusa ya laluba ƙafafu da hannuwa da baya, yana neman karaya. Babu karaya, babu rauni, kuma duk wanda ke wajen ya ce bai faɗi ba.

Na ce, "Hamisu, ina ke maka ciwo?"

Da ƙyar ya ce, "Ba komai, Malam. Yanzu zai wuce."

Bai rufe baki ba ya sake wata ƙarar, wannan karon ƙirjinsa ya dafe. Nan fa wuri ya rikice. Wani ya ce aljanun dutse ne, biyu suka durƙusa suka fara ruƙiyya a kansa, wani ya kama murza masa ƙafa da ƙarfi yana ƙara sa shi kuka. Ustaz Magdi ya juyo gare ni da Larabci, ya ce yaron nan yana da wata cuta ne? Na ce na tambaya a mota da lasifika, kamar yadda muka saba a lokacin, kowa ya amsa da lafiya lau alhamdu lillahi. Ya ce to shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma bai san abin da zai gaya wa asibiti ba.

Sai idona ya faɗa kan Bashari. Kowa ya zagaye Hamisu, shi kaɗai ya ja gefe ya ba mu baya, kafaɗunsa na rawa. Na je na fizgo shi bayan wani dutse.

"Me ka sani?"

"Malam, ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya me ba?"

"Na rantse. Ranar da muka kama ɗaki ya sa na dafa Alƙur'ani, cewa ba zan gaya wa kowa ba, ko da me zai faru. Amana ce, Malam."

Kun san ni da zuciya. Ban san sanda na cakumi wuyan rigarsa ba. Na ce, "Kai, shari'a kake karantawa ko me? Rantsuwa tana da kaffara, ka ciyar ko ka yi azumi ka huta. Gawa fa, mece ce kaffararta? Idan ya mutu a nan kai za ka kira uwarsa, wallahi ba ni ba!"

Ya fashe da kuka. Ya ce, "Sikila ce da shi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mai sikila, ni kaina na taso gida ɗaya da 'yar baffana mai ita, na san abin da ake tsare su daga gare shi: sanyi, ƙishirwa, wahalar jiki, da wuri mai tsawo inda iska ba ta isar mutum. Ga yaro jiƙe sharkaf a cikin ƙanƙara, da azumi a bakinsa, a ƙololuwar ƙasar Masar, ya yini yana gudu. Babu ko ɗaya da ya bari. Na koma na buɗe idon Hamisu, farin ya koma ruwan ɗorawa. Na gaya wa Ustaz Magdi sunan ciwon da Larabci. Mutumin ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Ya nahar iswid!" wato wayyo baƙar rana.

Daga nan sai gudu. Na kori mai murza ƙafa, muka tuɓe wa Hamisu jiƙaƙƙun kaya, muka sa masa busassu, Ammu Salim ya kawo bargo da kofin shayi mai ɗumi. Hamisu ya datse haƙora, wai yana azumi. Abin da ya ƙara kashe ni da mamaki, a daidai wannan lokaci wasu biyu suka fara gardama a kaina, ɗaya na cewa wanda ya karya nafila sai ya rama, ɗaya na cewa ba dole ba ne. Na daka musu tsawar da sai da dutse ya amsa. Na ce, "Khalas, ya isa! Wanda ya ƙara cewa uffan a ƙafa zai koma Alƙahira!" Na tallafo kan Hamisu na ce masa na san abin da ke damunsa, ya sha. Ya dube ni, ya dubi Bashari, ya rufe ido, sannan ya buɗe baki.

Babu sabis ɗin waya a filin. Ammu Salim, da tsufansa, ya yi gaba da sassarfa zuwa wata kwana inda waya ke kamawa, don ya kira motar asibiti. An kawo shawarar raƙumi, Ustaz Magdi ya hana, ya ce girgizar za ta ƙarasa shi. Muka sa shi cikin bargo, muka kama gefe-gefe, muna karɓar juna. Hanyar da muka hau muna raha ta zama masifa, ga santsi, ga duwatsu, ga rana ta fara yin ƙasa. Tun yana ihu har ya koma nishi, can sai ya yi shiru, numfashinsa sama-sama. Shirun nan ya fi ihun tayar min da hankali. Ina tafe ina kiran sunansa, ina ce masa ya amsa ko da yatsa ne. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Bashari ne riƙe da wajen kansa, kuma har muka sauka bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Motar asibiti na jira a gindin dutse. Suka sa masa iska, suka ɗaura ruwa, kuma saboda mun iya faɗin sunan ciwon, likita bai ɓata lokaci wajen lalube ba. Daga baya ya gaya min ciwon ya riga ya hau ƙirji, kuma da mun tsaya jiran ya wuce, da wata maganar ake yi. Ustaz Magdi ya koma da sauran ɗalibai, ni da Bashari muka zauna. Aka mayar da Hamisu babban asibiti a Alƙahira, aka ƙara masa jini, sai da ya yi kwanaki kafin ya iya zama.

Ranar da na je duba shi a Alƙahira, da faɗa na tafi. Tun a jirgin metro nake shirya abin da zan gaya masa. Na shiga na ce, "Hamisu, kashe kanka ka zo yi a hannuna?"

Ya ce, "Malam, ko ruwan sama ban taɓa wasa a ciki ba. Ina leƙen yara ta taga suna tsalle, Inna na riƙe da ni. A makaranta ba a sa ni shara, ba a sa ni ƙwallo, kowa sannu, kowa a hankali. Sai da na zo Masar aka fara tura ni sayen burodi kamar kowa, ana zagina in na makara. Na san abin da ƙanƙara za ta yi min. Na ce ko sau ɗaya ne dai."

Na fasa faɗan da na zo da shi. Na zauna bakin gado. Sai ya ƙara da abin da har yau yake ba ni mamaki. Ya ce, "Ka gaya wa Bashari kada ya ƙara zuwa."

Na ce, "Kai! Mutumin da ya ceci ranka?"

Ya ce, "Na sani. Allah ya saka masa. Amma tun jiya 'yan ajinmu ke zuwa, kowa da irin kallon nan na tausayi. Ya mayar da ni gida."

Na yi lallashi, na yi nasiha, na tura manya. Bai zagi Bashari ba, bai kai ƙararsa ko'ina ba. Da aka sallame shi sai ya kwashe kayansa ya koma unguwar Hadayek el-Maadi cikin 'yan Sudan, inda babu wanda ya san shi, ya gwammace doguwar tafiya zuwa makaranta kullum. Bashari ya yi azumin kaffararsa.

To abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa muka canza tsari. Mutanenmu ba sa faɗin ciwonsu a gaban jama'a, wani ya gwammace ya mutu da a tausaya masa. Don haka kafin ranar tafiya, murafiƙ zai kira kowane mutum shi kaɗai, da Hausa, ya ambaci sikila da sunanta, ya yi masa alkawarin magana ta tsaya tsakaninsu. Kada ku ce za ku hana shi zuwa, in kun faɗi haka ƙarya zai yi muku. Ku ce sai ya ga likitansa tukuna, in ya yarda a zo da shi gindin dutse kusa da mota, da kaya masu kauri, ba azumi. Tambayar nan aikinku ce, kada ku bari ta faɗa kan aboki a saman dutse, don shi abin da zai biya ya fi naku yawa.

Hamisu ya gama karatu ya koma gida da ransa. Bashari yana nan, yana sayen kaya a kasuwar Ataba yana turawa Kano. Muna haɗuwa jefi-jefi, kuma ya san Hamisu na kira na da salla. Kafin ya tambayi iyalina, sai ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, kun yi waya da mutumin? Yana shan ruwa dai ko?"