Agushi a Gaban Alƙali

Na yi shekaru ina aikin tafinta a wata kotu a Minna. Shaida ya faɗa da Hausa, ni in juya wa alƙali da Turanci. Na ga masu kuka, na ga masu ƙarya ido a bushe, na ga masu surutun da sai an ce musu ya isa. Amma ban taɓa ganin shaida irin wata dattijuwa daga wani ƙauye a bayan Beji ba.

'Yan bindiga ne suka kwashe su a gona, ita da mijinta. Ita ta dawo, shi bai dawo ba. Wanda ake tuhuma ɗan ƙauyensu ne, an ce shi ya nuna musu hanya. Ita kaɗai ce ta gan shi a cikinsu. Idan ba ta yi magana ba, to shari'a ta rushe, mutumin zai koma ƙauyen da take kwana.

To, ba ta maganar. A zama na farko ta shiga wurin tsayuwar shaida, ɗan sandan kotu ya tsaya a bayanta ya ce, "Mama, tsaya sosai, saki hannuwanki." Shi ke nan. Idonta ya kafe a bango, bakinta a ɗan buɗe, ko sunanta ta kasa faɗa. Zama na biyu ma haka. Lauyan da ke kare mutumin har da murmushi. Alƙali ya ce zai sake ɗage zaman sau ɗaya tak, daga nan ba ƙari.

Ni kam raina ya ɓaci, don ba a san ni da haƙuri ba. Na ce a zuciyata, haba baiwar Allah, kin sha wahalar mota tun daga Beji don ki zo ki kalli bango?

Da aka tashi na fita bayan kotu sayen ruwa. Sai ga ta a gindin mangwaro ita da ƙanwarta, faifai a cinya, suna ɓarar agushi. Kuma magana take! Da Hausarta irin ta kasuwa, tana ba wata mai sayar da gyaɗa labarin yadda aka yi ta kora su cikin daji ba takalmi. Tiryan-tiryan, ba gargada. Yatsunta na ta aiki, ƙas, ƙas, ɓawo gefe, ƙwaya gefe. Na tsaya riƙe da ruwana kamar wata sokuwa. Wannan bakin ne ɗazu ya ƙi buɗewa?

Abin ya hana ni sakat. Da yamma na tari maƙwabciyata a Tunga, wata nas da ke aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa, tun ba ta gama sauka daga keke ba.

Na ce, "Sista, don Allah warware mini. Taɓuwa ce, ko iskoki, ko tsabar rainin hankali?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ba kya canzawa. Bar tambayar me ke damunta. Kafin ta yi shirun, me aka yi mata?"

Na ce ba a yi mata komai ba, an dai ce ta tsaya ta saki hannu.

"Wa ya faɗa? A ina yake tsaye?"

"Ɗan sanda. A bayanta."

Sai ta daina dariya. Ta ce in tuna inda matar ta fito: namiji a bayanta, umarni daga sama, kada ki motsa. Ta ce wanda ya ga tashin hankali irin wannan, kansa ya san yana kotu, amma jikinsa bai sani ba, shi yana can daji har yanzu. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma taurin kai ba. Agushin kuwa aikin da hannunta ya sani ne tun tana yarinya, shi ke gaya wa jikin cewa an dawo gida.

Na ce, "Ikon Allah! Yanzu agushin miya?"

Ta ce, "Wani carbi ne, wani saƙa. Ita nata ke nan."

Ni tafinta ce, ba ni da hurumin koya wa shaida komai. Abin da na yi kawai, na haɗa Sista da lauyar gwamnati. Ita ma Sistar ta je ta zauna da dattijuwar, ba ta tambaye ta labarin daji ba, ta dai tambaye ta yadda take so a yi.

Ranar zama na ƙarshe lauyar ta roƙi abu uku: a ba shaida kujera, ɗan sanda ya koma inda za ta riƙa ganinsa, a kuma bar ta da faifanta. Ɗaya lauyan ya miƙe zumbur, wai nan kotu ce ko madafa? Na ji kamar in ba shi amsa da kaina, na dai danne. Alƙali ya ce shi gaskiya yake nema a bakin shaida, bai ga inda faifai zai hana ta fita ba.

Ta zauna. Ta yayyafa wa agushin ruwa don ɓawon ya yi laushi, kamar tana tsakar gidanta. Kotu ta yi tsit, ba ka jin komai sai fanka da ƙas, ƙas. Sai ta fara. Ta faɗi sunanta. Ta faɗi gonar, da baburan, da rafin da suka tsallaka. Lauyan can ya yi ta juya ta da tambayoyi, ita kuwa ba ta ɗaga kai daga faifan ba, amsarta ba ta sauya ba.

A ƙa'idar aikinmu ba a cewa "ta ce". Yadda shaida ya faɗa haka za ka faɗa, da bakinka, kamar kai abin ya sama. Don haka duk safiyar nan ni ce aka kora cikin daji, ni ce aka ɗaure. Ina ta yi, don na saba.

Sai aka tambaye ta yadda ta tabbata wanda ake tuhumar ne ta gani. Yatsunta suka tsaya. Ta ɗago ta dube shi, karo na farko.

Ta ce, "Ni na goye shi lokacin da uwarsa ke jinya. Mijina ya gane shi ya kira shi ɗana, shi ya sa suka harbe mijin nawa."

Kowa ya juyo gare ni. Alƙali ya ɗaga biro yana jira. Na buɗe baki, wallahi babu abin da ya fito. Turancin yana nan a kaina, amma ya ƙi saukowa bakina. Maganar da aka sha wahalar nan dominta ta fito daga bakinta, ta zo ta maƙale a nawa, kuma in ban faɗa ba, ba za a rubuta ba.

Sai na ji an taɓa hannuna. Dattijuwar ce. Ta damƙa mini agushi cikin tafi, mai ɗan danshi, ta ce a hankali, "Ungo, 'yata, ɓare. Zai fito."

Na ɓare ɗaya, na ɓare na biyu. Sannan na dubi alƙali na gaya masa yadda aka kashe mijina, shi kuma ya rubuta.