Layin da Ba Kowa a Cikinsa

Duk lokacin da na ji ƙarar usur, ko na 'yan ƙwallon unguwa ne, sai in tuna fuskar kakanmu a bakin kwamin ninkaya a Dutse. Kai da kake karantawa, da wuya ka taɓa ganin tsoho ya sa babbar rigarsa ta Sallah don ya je kallon iyo. Ni na gani.

Kaka masunci ne a wajen Ringim. Shi ya koya wa yayana iyo a kogi, da damina, lokacin da ruwa yake ja kamar kunun kanwa. Da yaya ya shiga kwaleji, kocin makarantar ya ga yadda yake yanka ruwa, ya sa shi cikin 'yan wasansa. Shekarar da aka yi gasar kwalejoji, yaya ya aiko cewa ya kai wasan ƙarshe. Kaka ya bar komarsa a rataye, muka shiga mota da sassafe, ni da shi da kawu.

Ruwan kwamin shuɗi ne, ana hango ƙasansa, yana warin magani. Kaka ya leƙa ya ce wannan ai ko kaza ba za ta nutse ba. Aka kira 'yan tsere a lasifika, kowa ya hau kan dakalinsa. Layi ɗaya ba kowa. Na yaya ne. Yana can gefe a zaune, da tawul a wuya, kansa a ƙasa. Aka busa usur, suka faɗa ruwa, mu kuwa muna kallon layin nan shiru, ko motsi ba ya yi.

Kaka bai jira an gama ba, ya taka har gaban kocin.

"Malam, jikana fa? Daga Ringim na taso."

Kocin ya cire hularsa ya rusuna. "Baba, a yi haƙuri. Kafaɗarsa ta kumbura tun jiya. In ya shiga yau zai iya ci, amma zai iya lalata hannun har abada. Gobe akwai tseren mutum huɗu, gajere ne, yara uku na jiran sa."

"Yaron da ya haye kogi da ambaliya? Ka tambaye shi?"

"Na tambaya, ya ce zai shiga. Ni na hana."

Ba mu ga na goben ba. Ruwa ya fara cin gonar shinkafarmu a gida, dole muka juya a ranar. A mota kaka goro kawai yake tauna. Washegari su yaya suka zo na uku. Kafin wata gasar ta zagayo, Allah ya yi wa kaka rasuwa.

Bara na haɗu da kocin a asibitin Jahun, ya tsufa, yana dogara sanda. Na tuna masa. Ya ce ko yau aka maimaita, haka zai yi. Na san yana da gaskiya, domin yaya yana nan da hannunsa lafiya, yana ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai. Amma sanin hakan bai taɓa sanyaya min rai ba. Yanzu yara suna ɗaukar kowane tsere a waya, tsoho yana kwance a ɗaki a nuna masa. Kakanmu ya je da ƙafarsa, ya ga 'ya'yan kowa suna iyo, ban da wanda ya koya wa.