Ɗiyar da ba ta shiga ƙidaya ba

In kun ga dama ku ce ƙarya nike, dama an saba ce mani haka a tasha. Amma ni da kunnena na ji mace mai ɗiya biyu ta ce ɗa guda gare ta, kuma ko gaban alƙali aka kai ta ba a kama ta da ƙarya.

Shekarar da mutanen ƙetaren iyaka suka kwararo mana ce, 'yan bindiga sun tashe su. Garinmu na nan wajen Alela, kowane gida ya ɗauki nashi rabo. Mu Inna ta kawo wata ƙaramar mace da jinjiri goye, da wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba tana riƙe da bakin zanenta. Mijin ya wuce aikin albasa wajen Malbaza. Yarinyar tana ce ma matar Yaya, matar kuwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta, in za ta ba ta tuwo sai ta aje kwanon ta kau da kai. Ni sai na aza ƙanwarta ce.

Ana nan ƙyanda ta shigo gari. Unguwar baƙi ta fara kamawa, don ɗiyansu da yawa ba su taɓa ganin allura ba, gudu bai bar su ba. Yaro guda aka rufe a mako na farko, kowa ya shiga taitayinshi.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Motona, wato babur ɗina, tsohuwa ce, in ta tashi har kajin Illela da ke can ƙetaren iyaka sai sun ji. Ni aka ɗauka in kai madam ta likita gida-gida da akwatin ƙanƙararta na riga-kafi. Mace ce mai sauri, ba ta zama. Kowane gida tambayarta guda: “Ɗiyanki nawa ƙanana?” A kawo su, a tsira allura, a shafa ma yatsa tawada, mu wuce.

Muka zo gidanmu. Inna ta tahi gona ɗibar ganyen wake, yarinyar ta bi ta. Ina zaure ina jiyo su.

“Ɗiyanki nawa?”

“Guda,” in ji baƙuwa, murya ƙasa-ƙasa.

Jinjiri ya sha allura, ya yi ihun da ya kusa ɗage rufin rumbu, muka ƙara gaba.

Da marece na dawo ina hura hanci. Na ce ma Inna yau ni da madam mun kori ƙyanda har ta manta takalminta. Inna ba ta yi dariya ba. Ta jawo hannun yarinyar ta juya yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Babu tawada.

“Wagga fa?”

Na ce ba ta nan, kuma yayarta ta ce ɗa guda gare ta.

Inna ta dube ni awa na ce rana daga yamma take hitowa. “Wace yaya? Ɗiyar fari ce, sakarai. Ta ce biyu a gaban madam, kai kuma kana zaure kana saurare?”

Sai lissafin ya zo mani. Can garinsu kakar yarinyar ke da ita. Ita ke goyonta, ita za ta ja ta gaban madam ta ce ga tawa. Uwa ba ta da baki a kan ɗiyar fari, kunya ta rufe shi. To kakar ba ta ƙetaro ba, kuma ba wanda ya san inda take. Kunyar ce kaɗai ta samu ƙetarowa.

Baƙuwa na bakin murhu tana jin mu. Itacen da take ta turawa ya daɗe da cinyewa.

Washegari madam ta riga ta koma ƙauyukan Dogarawa da wani mai moto. Inna, wadda ta rantse ba ta hawa abin da ba ya cin ciyawa, ta ɗaura yarinyar a baya ta ce in tada. Ta riƙe mani riga har yau wuyana bai koma daidai ba. Duk ramin da na faɗa sai ta ja salati ta haɗa da zagin ubana, Allah ya jiƙan shi. Ƙauye na farko suka ce yanzu ta tashi. Na biyu suka nuna mana ƙurarta. A na uku muka iske ta gindin wata bishiyar bedi tana shirin rufe akwati.

“Ɗiyar wa?” in ji madam.

“Tawa,” in ji Inna. “Ni ce kakarta daga yau.”

Aka tsira. Yarinyar ta cije ni a hannu, ni da ban riƙe allura ba. Inna ta zaunar da madam ta yi mata bayani. Madam ta dafe kai, ta ce ita kanta ɗiyar fari ce, har yau uwarta “waccan” take ce mata, amma hanzari ya mantar da ita. Daga ranar ta canza tambaya. In ta shiga gidan baƙi sai ta nemi tsohuwar gidan ko maƙwabciya ta ce, “Inna, ƙirga mani ɗiyan wagga.” Ta ce mani ɗiyan fari sun yi ta hitowa daga bayan rumbuna awa ana tonon gyaɗa.

Ƙyanda ta yi zamanta ta wuce, ba ta taɓa gidanmu ba. Baƙuwa ba ta taɓa yi mani godiya kan yarinyar ba, ai ba ta iyawa. Sai dai na tashi wata safiya na iske an wanke motona tas, har na kasa gane ta, ga kwanon hura a kan siridi.

Ina shan hurar nan na tuna ni ma ɗan fari ne, kuma tun da aka haife ni ban ji sunana a bakin Inna ba. Na ce bari in gwada ta.

“Inna, in madam ta tambaye ki, ɗiyanki nawa?”

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar wake.

“Huɗu. Sai wani ƙaton mai moto da ke cinye mani tuwo, shi ko ƙyanda ta gan shi ta ce ba ta so.”