Kawu Ɗanjuma da Fitila Mai Ƙifce

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci! Ranar sadakar arba'in ɗin Kawu Ɗanjuma makanisiye, mai gyaran mota, ga ni tsakiyar rairayi tsakanin Tarka da Tanut, mota ta mutu, ragon sadakar na kuka a baya, ƴar fitilar tablo da ke gaban sitiyari ta kunna tana kallona. Motar Alhajin da nake wa tuƙi ce, irin sababbin nan da ya saya hannun mutanen furoje, masu ayyukan raya karkara. Duk Damargu mutum ɗaya ya iya jin maganarta, shi ne kuma ake wa sadakar!

Kun dai san shi. Ba ya taɓa inji sai ya kafa masa muciyar matarsa Inna Hajo, ya manna kunne a ɗaya bakin. Ta biyo shi har garaji: "Malam, tuwo na kan wuta!"

"Tuƙa da hannu, mota na ba ni labari."

Direban sufurehe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya taɓa kawo mota da hura hanci. Kawu ya dangwali man injin ya lasa, ya tofar. "Man nan ya girme ka, yaro. Motar lafiyarta lau, kai ne ba lafiya."

Da fitilar motar Alhaji ta fara kunnawa, kowa ya ce sai Damagaram. Kawu ya ce kowa ya juya baya. Ya lanƙwasa guntun waya, ya cusa cikin wani ɗan akwati kusa da inji, fitila ta shiga ƙifce, yana ƙirgawa da carbi. "Biyu, ta huta, biyu. Zazzaɓin ƙarya take ji." Ya ɗaure wata waya da ta saki, shi ke nan, ta warke!

Na ce, "Kawu, koya mini."

"Kai da lissafi ya koro daga ajin lakkwal? Gobe."

Shekara guda ina cin goben nan. Haba!

Ni kuwa ban juya baya duka ba, na ga ramin. Ranar sadakar nan da mota ta mutu, sai na cusa waya, na ƙirga: ɗaya, hutu, biyu. To sai me? Zazzaɓi ne, ciwon ciki ne? Oho! Na ƙirga har sau tara, na shuri taya, yatsana ya fashe.

Rana ta take, azahar za a yi addu'a. Sai ga wani Buzu bisa raƙumi za shi Tanut, garin Kawu. Na roƙe shi, muka ɗaure masa ragon, na ba shi saƙo:

"Ka ce wa Inna Hajo ga rago, a yanka, kar a jira ni. Ka ce mata mijinta ya tafi da iliminsa ya bar ni a rana, kuma ban huce ba. Amma in malamai sun ɗaga hannu, ta shafa har da nawa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, kada Ya ce masa gobe."