Kwanon Ƙullun Inna

A layinmu na unguwar Kurayyat, can ƙasar Larabawa, gida ɗaya ne ke da talabijin, gidan wata mata da muke kira Khala. Hausawan Sudan ne, mijinta yana da shagon yadi a cikin gari. Takan bar yaran layi mu shiga kallo bayan la'asar, amma ni dai har yau ban yarda don Allah take yi ba. Mu muna kallon akwatin, ita tana gefe tana kallonmu. Ta san wanda ya taɓa labule, ta san wanda ya shigo da ƙafa ba wanki, kuma kafin ka isa gida uwarka ta ji.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka fara nuna wani wasa na Turawa masu faffaɗan huluna da dawakai. Wani mutum ne da iyalinsa suka kafa gidan katako a tsakiyar daji, ba maƙwabci ko ɗaya. Ba ma jin yarensu, rubutun Larabci ke gudu a ƙasa, ni ke karanta wa ƙananan. Rannan wani kare ya zo musu yana ɗingishi. Uban ya ɗauko bindiga, 'yarsa ta tare gabansa. Aka ɗaure wa karen ƙafa, aka zuba masa abinci a farantin gida, daga ƙarshe har ya lashi fuskar yarinyar.

Khala ta ce, "A'uzubillahi! A farantin da suke ci!" Sai ta juyo ta kama ni ina share ido. "Ke kuma fa? Kare kike yi wa kuka?"

Na ce, "Abu ne ya faɗa min a ido, Khala."

Ta ce, "Uhm." Ta daɗe ba ta ɗauke idonta daga kaina ba.

Inna, mahaifiyata, waina take soyawa a ƙofar gida kullum da safe. Tun da Baba ya faɗi a tashar jirgin ruwa bayansa ya taɓu, wainar nan ce ke riƙe da mu. Masu waina uku ne a unguwar, kuma in faɗi gaskiya, ta Inna ba ta fi tasu daɗi ba. Tsabta take sayarwa. Lebura da direba sukan wuce masu waina biyu su zo wurinta, don sun san ko ƙuda ba ya sauka a kayanta ya ji daɗi. Ƙullun tana zuba shi a wani farin kwano babba mai shuɗin baki, wankinsa kuma aikina ne.

Karnuka sun cika bolar da ke bayan layinmu, ban taɓa duban ɗayansu ba sai in zan jefe shi. Bayan wasan nan sai na ga akwai wani ja mai yagaggen kunne, haƙarƙarinsa duk a waje, ba ya shiga faɗan sauran. Na fara ajiye masa ƙonanniyar waina a kan kwali. A raina ni ce yarinyar gidan katako, saura bindiga da uban da zan tare.

Wata safiya na fita da kwanon ta ƙofar baya zan wanke, da ragowar ƙullu a gindinsa. Na ajiye a ƙasa, ya matso ya sa kai. Na daɗe ina gaya wa kaina juya baya na yi. Ƙarya ne. Ina tsaye ina kallonsa ya lashe kwanon tas, har daɗi na ji.

Sai da ya ɗago kai na gane ɓarnar da na yi. Amma na san abin yi, an koya mana a makaranta: in kare ya sa baki a kwano, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na riƙa sanɗa ina ɗebo ruwa daga randa, buta bayan buta. Na goge da ƙasa, na ɗauraye, ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ina gaban malama. Ina kan na shida na ɗaga kai, sai ga Khala a saman soronta da rigar shanya a hannu. Ta dubi ƙasar da ke hannuna, ta dubi karen da ya kwanta a inuwa yana lasar baki. Ta ci gaba da shanyarta.

Ruwa a lokacin sai mai jaki ya kawo, don haka Inna ta san tsayin ruwan randarta. Ta ce, "Wa ya yi min wanka da ruwan sha?" Na ce buta ce ta kife. Ta dube ni, ta dubi butar, ta ƙyale.

Kwana biyu sai matan da ke aiko yara suka daina. A na uku maza suka fara bi ta ɗaya gefen hanya, suna ɗaga hannu daga nesa. Inna ta shinshina ƙullu, ta sauya mai, ta zargi mai shinkafa, ta zargi mai wainar bakin masallaci da yi mata asiri. Kowa ta zarga ban da ni. Ni kuwa ko mata biyu na gani sun haɗa kai sai in ji zancena suke. Muka ci waina safe da rana da dare, Baba yana kwance yana tambayar ko mutanen gari azumi suka fara.

Wata tsohuwa mai ƙaunar Inna ce ta zo ta faɗa mata. "Ana cewa kare na ci a kwanonki. Daga gidan talabijin maganar ta fito."

Ban taɓa ganin Inna ta fusata irin na ranar ba. Ta yi alwala, ta naɗe Alƙur'anin Baba a ɗankwali mai tsabta, ta kama hannuna. "Yalla, mu je. Ke ke wanke shi, ke ce shaidata."

Muka tarar da mata sun kai shida a tsakar gidan Khala suna shan shayi. Inna ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Hajiya, me na tsare miki da za ki raba 'ya'yana da abinci?"

Khala ta ajiye kofi a hankali. "Wallahi, 'yar'uwa, ban ce na ga kare a kwano ba. Na ga ana goge kwano da ƙasa ana ƙirgawa. Ko ke kin san don me ake wannan wankin. Tambayi 'yarki."

"Ba sai na tambaye ta ba. Ni na haife ta."

Ta warware ɗankwalin, ta ɗora littafin a kan matashi, ta ce za ta rantse a gabansu kare bai taɓa kusantar kwanonta ba. Mu a wurinmu wanda ya dafa Alƙur'ani a kan abin da ba haka yake ba, ba ya gamawa lafiya, tun muna ƙanana muke jin haka. Ga hannun Inna yana sauka, ita kuma da zuciya ɗaya take yi, saboda ni. Na riƙe mata hannu.

"Inna, kar ki rantse."

Inna ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Ta naɗe littafin, sannan ta tambaye ni a gaban kowa, muryarta ƙasa ƙasa.

"Sau nawa kika wanke?"

"Bakwai."

"Da ƙasa?"

"Eh, Inna."

Ta juya wajen matan. "To kun ji. Ya tsarkaka."

Suka ce haka ne, ya tsarkaka, halas, magana ta wuce, yarinta ce. Har da mai ba ta shayi. Washegari Inna ta jiƙa shinkafa, ta hura wuta, ta zauna a ƙofar gida har rana ta take, ko ɗaya daga cikinsu ba ta aiko ba. Ta gwada sati guda da sabon kwano, sannan ta kife tandar. Ta koma wankau a gidajen Larabawa, tana fita da asuba, tana dawowa hannuwanta sun yi fari sun tsage.

Khala ba ta yi ƙarya ba, na sani, amma har ta rasu gaisuwar baki kawai nake yi mata. Karen ya yi ta zuwa ƙofar baya yana jira, sai da na same shi da dutse a ƙafa sannan ya daina, na shiga ɗaki na yi kuka.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Amma tun daga ranar har na yi aure, duk kwanon da na wanke na kife, sai ta zo ta ɗaga shi, ta duba ciki, ta sake ɗaurayewa da hannunta.