Ranar da Na Ƙara wa Kwamfutata Gudu

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina da ɗan shago a Tudun Wada inda nake buga wa mutane takardu. Jarina kaf wata tsohuwar kwamfuta ce da na saya a gwanjo. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Amma da yake ita kaɗai ce a layinmu, ji nake kamar ni na ƙera ta.

Kawuna malamin dabbobi ne da ya yi ritaya a Doguwa. Kusan shekara talatin yana bin rugage, duk dattijon da ya gaya masa maganin wata cutar shanu sai ya rubuta da ajami: sunan itacen da Fulatanci da Hausa, inda yake fitowa, da yadda ake haɗawa. Littafi bakwai ya cika, kowane shafi da Bisimilla a samansa. Gara ta ci gefensu, idonsa kuma ya fara rauni. Ni na lallashe shi ya kawo in buga. Na cika masa baki cewa abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan, ba gara, ba mantuwa.

Wata huɗu muka yi, yana karantawa ina bugawa da boko. Da muka gama ya kwashe littattafansa ya tafi. Ribon ɗin firinta ya bushe, na ce sai na shiga Kano zan fitar masa a takarda.

A satin ne wani abokina mai gyaran kwamfuta a Kano ya biyo, na yi masa kukan nawar tata. Ya ce hanya biyu ce. Ko in sayi sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ko in sauya wa wasu 'yan robobi mazauni a cikinta, a tilasta wa tsohuwar gudun da ya fi ƙarfinta. Ya gargaɗe ni in fara kwafe komai a faifan ajiya na fulofi, in ƙara mata fanka, kuma kada in taɓa da zafin bazara. Ni dai rabin maganar na ji. Yana tafiya na ɗauko sukudireba, na buɗe ta na sauya wa robobin mazauni, ban kwafe komai ba.

Kwana biyu tana gudu ina kiran maƙwabta su zo kallo. Rana ta uku da azahar, zafi kamar a toya ƙwai, sai ta sandare, na ji ƙauri. Na rungume ta a mota har Kano. Abokina ya sauya furosesar, ta tashi, amma rubutun kawu ya koma tarkacen alamomin da ba mai iya karantawa. Ya yi iya yinsa, ya girgiza kai.

Na lallashi kaina da cewa ai littattafan suna nan, wata huɗu ne kawai suka tafi. Na je Doguwa, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Kawu ya dube ni.

“Ɗana, na ƙona su,” ya ce. “Suna ta marmashewa, ga sunan Allah a kowane shafi. Na ji tsoron a taka. Tokar na binne a gindin tsamiyar can.”

Na durƙusa ina ba shi haƙuri.

“Tashi. Ni na ƙyasta ashanar.”

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Mun gwada sake rubutawa daga abin da yake iya tunawa, shafi goma sha ɗaya muka samu. Dattawan da suka gaya masa, wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura da shanunsu. Wata rana ina wurinsa wani makiyayi ya zo, saniyarsa ta kumbura. Kawu ya ce bari ya duba littafi. Ya yunƙura, sai ya koma ya zauna. Damina biyu bayan nan ya rasu.

Yanzu abokan aiki suna yi min dariya wai komai sai na adana shi wuri uku, ko takardar gayyatar suna ce. Ina taya su dariyar. Na koyi cewa kafin ka matsa wa abu lamba, ka duba amanar wa yake ɗauke da ita. Amma gaskiya darasin bai taɓa sanyaya min zuciya ba. Har yau in na je Doguwa, ta bayan gida nake zagayawa don kada in bi ta gindin tsamiyar nan.